Teburin da Ya Yi Tsalle

Kafin Mai-sawu ya iso layin masu aikin ƙarfe, layin ya riga ya yi shari'a ya yanke hukunci. Mai faci ya faɗa wa mai shayi, mai shayi ya zuba wa duk wanda ya miƙo kofi: Bahago ya kashe injin maigidansa da gangan.

Ga abin da ya faru. A shagon akwai wani tsohon injin goge ƙarfe, irin wanda ake ɗora farantin ƙarfe a kan teburinsa, teburin ya riƙa kai da komowa a ƙarƙashin dutse mai juyawa har fuskar ƙarfen ta yi sumul kamar madubi. Mai ne ke tura teburin, famfo na zuƙo shi daga tanki ta cikin tiyo. Bahago ke riƙe da injin shekara da shekaru. Da safen nan, washegarin ranar hutu, ya ɗora farantin da masu yin bokitin roba suka kawo, ya kunna. Tebur ya tafi lafiya, ya dawo lafiya, sai ya tsaya cak a tsakiya, ya yi ɗan karkarwa, sannan ya zabura. Dutse ya caki faranti ya ɓalle, ɓallin ya wuce ta gefen kunnen Maigida ya fasa gilashin taga.

Da aka buɗe tanki, aka tarar mai ya yi kumfa fari fat. Ba a fasa kwado ba. Makulli kuwa, in ji Maigida, daga nasa sai na Bahago. A bakin ƙofa ya tsaya ya faɗi haka, da muryar da ta kai ƙarshen layi, ya ƙara da cewa in an rufe shago yau Bahago ya tattara nasa ya nasa.

Kora ba ita ce babbar masifar ba. A layin nan, wanda aka ce ya cuci inji da hannunsa, ko sifana ba mai ƙara ba shi ya riƙe.

Mai-sawu bai san komai a kan inji ba sai ƙararsa. Aikinsa ƙasa. Da ƙuruciya dabbobin sata yake bi, yanzu da gwiwa ta fara yi masa gardama sai in an fasa shago ko sito ake aiko masa. Wannan karon ƙanwarsa ce ta zo da kanta, uwar Bahago, takalmi wari da wari, ta ce, "Yaya, in ka taɓa bin sawu don Allah, to bi na yau."

* * *

A cikin shagon ya tarar da Injiniya, matar da ake kira in manyan injuna sun ƙi, hannunta baƙi ƙirin har gwiwar hannu. Ƙasan gaban injin kuwa, rabin layin ya shigo kallo ya tattake shi. Mai-sawu ya dube shi ya ji kamar ya yi kuka.

"'Yata, yi mini bayani kamar kina yi wa kakarki," in ji shi.

Ta yi murmushi. "Iska ce ta shiga cikin man, Malam. Mai ba ya matsuwa, ita iska tana matsuwa. Famfo ya tura, iskar ta takure, tebur ya tsaya. Ta cika ta saki, tebur ya yi tsalle. Shi ke nan ciwon."

"Ta ina ta shiga?"

"Abin da nake nema ke nan tun safe. Mai bai ragu ba. Matatar mai tsaf take. Hanyar da teburin ke bi tana da mai, ba ta bushe ba. Na kwance bawul na wanke na mayar. Tiyon famfo ni na sa sabo da hannuna watan jiya, na leƙa shi ta sama, ko ɗigo babu. Saura in buɗe cikin injin gaba ɗaya, wannan kuwa aikin kwanaki ne."

"Tsufa ne ko mutum?"

Ta ce, "Ranar da aka tashi hutu lafiyarsa ƙalau. Tsufa ba ya zuwa rana ɗaya haka. Wani ya taɓa wani abu."

Ba amsar da ya so ji ba ke nan, amma ya gode mata, don ba ta yi masa kwana-kwana ba.

* * *

Bahago na zaune a kan kifaffen bokiti a waje, ya yi tagumi. Ƙato ne, amma yau ya koma kamar rigar da aka wanke ba a shanya ba.

"Ɗaga ƙafa," in ji Mai-sawu. Ya duba ƙasan takalman biyu. "To, me ka ce kafin hutu? An ce ka yi magana."

"Kawu, magana ce ta fatar baki."

"Na san bakin. Tun kana goye ya fi ƙafarka sauri. Me ka ce?"

Bahago ya sunkuyar da kai. "Na ce injin nan sai ya mutu sannan za a saurare ni a sayi sabo."

"A gaban wa?"

"A gaban kowa."

"Madalla. Da ka haɗa da lasifika. Jiya ina kake?"

"Ina gida. Na wanke babur, na yi barci. Makulli na aljihun wandona a rataye." Ya ɗago ido, sun kaɗa sun yi ja. "Kawu, zagin injin nan nake yi kamar yadda Inna ke zagina. A kansa na koyi aiki. Ko Maigida da ya fara zancen kiran masu sayen tsohon ƙarfe, ni ne na kasa cin abinci ranar."

Mai-sawu bai ce masa ya yarda ba, bai ce bai yarda ba. Ya taɓa bin sawu har ƙofar mutanen da yake ƙauna, ya san ƙasa ba ta san dangi ba. Abin da yake tsoro ke nan tun daga gida.

* * *

A gefen injin, inda 'yan kallo ba su kai ba, akwai sawun babban takalmi mai ƙananan ramuka a tafinsa, irin wanda tartsatsi ya ci. Mai-sawu bai sha wahalar gane mai shi ba. Mai walda na maƙwabtaka da su, kuma kowa ya san shi da Bahago ba sa ga maciji, tun wata rigima a kan wayar wuta.

"Me ya kai ka gefen injinsu?"

Mai walda ya ɗage gilashin fuskarsa. "Ni? Wa ya ce?"

"Takalminka. Ya fi ka gaskiya."

Mutumin ya hau rantsuwa, ya dawo ya sauko. Eh, ya shiga, amma jajibirin hutu ne, lokacin da Bahago ya fita cin abinci. Kurfinsa na saran ƙarfe ya je wasawa a ƙaramin dutsen da ke bango, don in ya roƙa ba za a ba shi ba.

Mai-sawu ya koma ya durƙusa da tocila. Garin ƙarfen da injin ke fesawa ya sauka a cikin sawun ya yi masa lulluɓi, daidai da kaurin na gefensa. Ke nan bayan an taka wurin injin ya ci gaba da aiki har yamma. Mai walda ɗan satar wasa kurfi ne, ba mai kashe inji ba.

"Ka tsira," in ji shi da ya fito.

Mai walda ya yi ajiyar zuciya, nan take kuma ya sami bakin tsegumi. "In mai kake nema, Malam, leƙa ɗakin maigadi. Akwai jarka a bayan ƙofa. Ni dai ban ce komai ba."

"Ai kuwa ba ka ce ba," in ji Mai-sawu.

* * *

Kafin ya je wurin maigadi, ya ce a bar shi ya shiga bayan injin. Wuri ne matsattse tsakanin inji da bango, tankin mai na zaune a ƙarshensa a kan gajerun ƙafafu. Ya shiga a karkace, gwiwa na ƙara, ya haska.

Babu sawu. Ko ɗaya. An share wurin.

Gabansa ya faɗi, don mai ɓoye sawu shi ke shara. Amma da ya ƙara dubawa sai ya ga sharar ba ta gaggawa ba ce. Mai gudun a kama shi tsakiya yake sharewa ya fice. Wannan ya bi lungu-lungu, ya shiga ƙarƙashin tanki, ya kwashe dattin ya tafi da shi. A kan simintin kuma ƙafafun tankin sun bar ƙarce: an jawo shi waje, an mayar. Ba ja ɗaya na mai ƙarfi ba. Kaɗan ta nan, kaɗan ta can, a karkace, kamar tafiyar agwagwa.

Ya ɗaga tocila zuwa jikin injin, sai ya tsaya.

Daga ƙasa har wajen ƙugun mutum, bayan injin yana ƙyalli. An goge shi da tsumma, har koren fentinsa na asali ya fito. Daga nan zuwa sama kuwa baƙin datti ne na shekaru, ba a taɓa shi ba. Iyakar tsaftar ta tafi a miƙe daga wannan gefe zuwa wancan, kamar alamar da ruwa ke bari a jikin randa.

Ya tsuguna ya miƙa hannu sama. Yatsunsa suka tsaya daidai kan iyakar.

"A zaune ya yi aikin," ya faɗa a hankali.

Da ya san abin da yake nema sai ya gan shi. A cikin danshin man da ya jiƙa simintin akwai tabon ƙafafun ƙaramar kujera, nan, da can, da can gaba, ana matsar da ita a bi jikin injin. Ƙafafun zagayayyu ne, ban da guda da aka yi wa gyara da katako mai kusurwa.

Mai-sawu ya ji wani sanyi ya sauka a ƙirjinsa. Bahago ba ya zama ya yi aiki, kuma ko rigarsa ba ya gogewa haka. Wanda ya zo ɓarna ma ba ya ɗauko kujera.

* * *

Maigadi dogo ne, mai ƙarfi, ba ya son magana. Jarkar ba ta ɗauki lokaci ba. Injiniya ta sansana ta ce tsohon man da ta juye watan jiya ne, Maigida da kansa ya ba shi don ya shafa wa katako saboda gara.

Mai-sawu bai ma dubi jarkar ba. Kujerar da ke bakin ɗakin ya ɗauka ya kifa. Ƙafa guda an yi mata gyara da katako mai kusurwa, kuma duka ƙafafun da danshin mai.

"Wa ka ara wa?"

"Kujerata ce."

"Na sani. Kai da ke wuni a tsaye, ba ka bukatar kujera ka goge inji. Kuma da kai ka ja tankin nan, ja ɗaya za ka yi. Wa ka ara wa?"

Maigadi ya kafa ido a bango.

"Ka san za a kori yaron nan yau?"

Maigadi ya ce, "Na sani. Tun safe ruwa bai wuce mini nan ba." Ya nuna wuyansa. "Amma na yi alkawari, Malam. Wanda na yi wa kuwa, ba don shi ba da ban san inda nake ba yau. In za a kore ni tare da Bahago, a kora."

Mai-sawu bai matsa masa ba. Ya tambaye shi abu guda: ta wace ƙofa? Idon maigadi ya zame zuwa ƙaramar ƙofar baya kafin ya kamo shi.

* * *

Bayan ƙofar wata siririyar hanya ce mai yashi, ba kowa ke binta ba. Nan Mai-sawu ya ji kamar ya dawo gida, don yashi ba ya ɓoye sawu. Ga sawun silifas, ƙafar dama tana taka ƙasa sosai, ta hagu tana jan yashi. Ga zagayen robar gindin sanda a gefen dama. A zuwa, mai sandar ya tsaya hutu jefi-jefi. A komawa kuwa, kusan kowace inuwa sai da ya tsaya, wani wurin ma ya jingina da katanga har kafaɗarsa ta bar baƙin mai a jikin farin fenti.

Sawun bai yi nisa ba. Ya shiga ƙofar bayan wani gida, gidan Maigida.

A tsakar gida, ƙarƙashin rumfa, Tsoho na zaune. Shi ne mahaifin Maigida, shi ya kafa shagon. Tun da ciwo ya taɓa masa ɓarin hagu, ɗansa ya hana shi zuwa, ya kuma hana a yi zancen shago a gabansa. Suka gaisa gaisuwar tsofaffi, mai tsawo. Mai-sawu na gaisuwa yana kallon farcen hannun dama. Baƙi ne, irin baƙin da sabulu ba ya fitarwa rana ɗaya.

"Yaya, aiki ya yi kyau," in ji shi. "Koren fentin nan ban san yana nan ba."

Fuskar Tsoho ta washe kamar ta yaron da aka kama da alewa. Ya waiga ya rage murya. "Ka gani ko? Kada ka faɗa wa ɗan nan nawa. Ji na yi yana waya, wai masu sayen tsohon ƙarfe za su zo su duba. Tsohon ƙarfe! Injin da ya ciyar da shi ya yi masa aure. Na ce bari in je in wanke masa fuska, in sun zo su ji kunya. Makullina na nan tun da, ba wanda ya tambaye ni shi. Sai dai sama ta gagare ni, tsayuwa ba ta yiwuwa."

"Har tanki ka ja."

"Ai haka ake yi. Da can duk ƙarshen mako sai na ja shi na share ƙarƙashinsa, tun kafin a haifi Bahago. 'Yan yanzu gaban inji kawai suka sani." Ya tsaya, ya ƙura wa baƙonsa ido. Tsufa bai ci hankalinsa ba. "Kai ba a kiranka sai an yi ɓarna. Me ya sami injina?"

Mai-sawu ya yi tunanin ciwon mutumin, ya yi tunanin ƙanwarsa da takalminta wari da wari. Ya zauna kusa da shi, ya faɗa masa duka, a hankali, bai rage komai ba.

Tsoho ya dubi hannunsa na dama. Sannan ya ce, "Miƙo mini sandata."

* * *

La'asar ta yi lokacin da Mai-sawu ya tara su a gaban injin: Maigida, Bahago, mai walda, maigadi, da Injiniya. 'Yan layi sun cika bakin ƙofa, don ba a gayyatar su, zuwa suke yi.

"Malam Mai-sawu," in ji Maigida, fuska a murtuke, "ina girmama ka, amma ɗan ƙanwarka ne. Kada ka zo mini da labari."

"Ba labari na zo da shi ba, tambaya ce. 'Yata, tiyon da kika sa watan jiya, tsawonsa ɗaya da tsohon?"

Injiniya ta ce, "A'a. Tsohon ya yi tsawo, har naɗewa yake yi a ƙasa. Na yanka sabon daidai wurin." Ta tsaya. Idonta ya tafi kan tankin. "An ja tankin nan?"

"An ja, an mayar."

Ba ta ƙara tambaya ba. Ta kwanta a ƙasa ta zura hannu ta ƙarƙashi, inda tiyon ya shiga bakin famfo. "Kunna," ta ce wa Bahago. Famfo ya tashi da wani kuka mai kaifi, kamar ana niƙa tsakuwa. Ta lakato giris ta shafe bakin tiyon ta ƙasa. Kukan ya faɗi nan take, ya koma gunji mai laushi.

"Ga ƙofar iskar," in ji ta daga ƙasa. "Da aka ja tankin, tiyon ya miƙe ya zame kaɗan daga maɗaurinsa. Da aka mayar sai ya koma kamar ba a taɓa ba. Nan wurin zuƙa yake yi, ba turawa ba, shi ya sa ba ya ɗiga."

"To wa ya ja?" Maigida ya daka tsawa. "Wa ke da makulli in ba shi ba?"

"Ni."

Mutanen bakin ƙofa suka dare. Tsoho ya shigo yana jan ƙafa, maigadi ya yi wuf ya ajiye masa kujerar. Bai zauna ba. Ya ciro wani tsohon makulli daga aljihu ya ɗora a kan teburin injin.

"Baba," in ji Maigida, muryarsa ta koma ta yaro. "Baba, me ya fito da kai?"

"Ɓarnata ta fito da ni. Jiya na zo na goge shi, na ja tanki kamar yadda na saba, ban san an gajarta tiyo ba. Wannan bawan Allah maigadi, ni na ɗaure masa baki. Ni na lalata faranti, ni na fasa dutse, ni na kusa cire maka kunne. Kai kuma ka tashi ka ɗora wa wanda ya fi kowa kusa."

Mai walda, da ya shirya kallon kora, ya hau duban farcensa.

Injiniya ta tura tiyon ya zauna, ta ɗaure shi tam. Ta ce a bar kumfar ta kwanta. Da ta kwanta, ta sa Bahago ya tafiyar da teburin a hankali, daga wannan ƙarshe har wancan, ya dawo, ya sake, don iskar da ta maƙale ta fita. Da farko ya ɗan yi tuntuɓe. Sannan ya rage. Can sai ga shi yana tafe yana dawowa sumul, ba ko gargada. Bahago ya ɗora tafin hannunsa a gefen injin.

Maigida ya matso, ya yi ƙasa da murya. "Bahago, ka yi haƙuri. Raina ne ya ɓaci. Ka ci gaba da aikinka, maganar ta wuce."

Mai-sawu ya ji daɗi, ya fara laluben hularsa. A ganinsa aiki ya ƙare.

"Ba ta wuce ba," in ji Tsoho. "Da wannan muryar ka kore shi?"

Maigida ya sunkuyar da kai.

"An ce har ƙarshen layi aka ji ka. Yanzu kuma kana raɗa kamar mai neman aure. Waɗanda ke bakin ƙofa sun ji, sauran fa? Gobe wani zai ce an rufa masa asiri ne saboda kawunsa." Ya miƙa hannunsa mai lafiya. "Zo nan, Bahago. Riƙe ni ta hagu."

* * *

Haka suka fita, Tsoho da sanda a dama, Bahago a hagu, Maigida a bayansu kai a ƙasa. Mai-sawu ya biyo su daga nesa kaɗan.

A ƙofar shagon farko Tsoho ya tsaya ya yi sallama. Mai shagon ya taso da sauri, don rabin masu shagunan layin a hannunsa suka koyi riƙe ƙarfe.

"Ka ji an ce yaron nan ya kashe inji?"

"An dai faɗa, Baba."

"Ni ne. Ni na ja tanki na saki tiyo. Shi hannunsa tsarkakakke ne. Ka ji da kunnenka?"

"Na ji, Baba."

"To ga mai kora nan, shi ma yana da magana."

Maigida ya faɗi tasa, wannan karon da murya.

Suka wuce na gaba, da na gaba. Mai shayi ya fito da kofi a hannu, Tsoho ya ce masa tunda shi ya raba labarin safe, to ya raba na yamma da irin wannan himmar. Aka yi dariya, amma ba ta yi tsawo ba, don kowa na ganin yadda ƙafar hagu ke ƙara nauyi, da yadda gumi ya jiƙa wuyan rigar. Mutumin da bai taɓa cewa ya yi kuskure a kan ƙarfe ba, yau yana bin ƙofa-ƙofa yana faɗa.

Mai-sawu ya ga ƙanwarsa a tsaye a bakin hanya, ta rufe baki da mayafi. Ta dube shi, ta ɗaga hannu biyu sama. Ya girgiza mata kai, ya nuna mata tsohon da haɓarsa. Shi sawu kawai ya bi. Godiyar da ta cika masa ƙirji, ta wancan tsohon ce.

Kusa da ƙarshen layi Tsoho ya yi tangaɗi, Bahago ya tare shi. Hawaye na bin fuskar ƙaton, bai damu ya share ba.

"Baba, don Allah ya isa. Kowa ya ji. Mu koma gida."

Tsoho ya tsaya yana haki. Ya ɗaga sanda ya nuna wata rumfa can gaba, inda tsofaffin tayoyi ke jibge.

"Mai faci bai ji ba," in ji shi. "An ce daga bakinsa ta fara."

"Ƙafarka ba za ta kai ba, Baba."

"To taka fa, me take yi?"

Bahago ya dubi Maigida. Maigida ya karɓi sandar daga hannun mahaifinsa. Bahago ya durƙusa a tsakiyar layi, a gaban kowa, ya goya tsohon, ya miƙe da shi, suka nufi rumfar mai faci.